Shin Laifin Waya Ne Yaranmu Ba Sa Zurfafa Tunani?

Wata malama da ke koyar da Ingilishi a wata lise, wato makarantar sakandare, a Garwa ta ƙasar Kamaru ce ta aiko da wannan tambaya: "Malam, na karanta littattafan nan na Turawa masu hasashen mummunar gobe, musamman Fahrenheit 451 da Feed, inda na'ura ta mayar da matasa holoƙo, ba karatu ba tunani, sai kallo da saye-saye. Da na dubi 'yan ajina sai na ga kamar su aka zana. Shafi biyu ya gagare su, amma su kwana a TikTok. Fasaha ce ta jawo, kamar yadda littattafan suka nuna? In haka ne, ba gara a ƙwace wayoyin a huta ba?"

Malama, sannu da fama da yara, Allah ya ba da lada. Waya tana da kasonta na laifi, kuma zan nuna miki inda yake ba tare da na rage mata ko ƙwayar zarra ba. Sai dai littattafan da kika ambata ba su ce na'ura ce ta yi ɓarnar ba. Mu ne muke karanta su a haka, domin wannan fahimtar ta fi mana daɗi: tana wanke manya tas, ta bar yaro da wayarsa a gaban alƙali.

Koma ki buɗe Fahrenheit 451. Ray Bradbury ya fitar da shi a 1953, daidai lokacin da talabijin ke shiga gidajen Amurka. Wane ne holoƙon da ya fi kowa a cikin labarin? Mildred ce, babbar mace mai aure, matar Montag jarumin labarin, wanda aikinsa shi ne ƙona littattafai. Ita ce mai bango uku na allon kallo a falo, tana matsa wa miji ya sayo na huɗu, tana kiran mutanen cikin allon danginta, kunnuwanta kullum a toshe da 'yan na'urorin sauraro. Ta sha ƙwayoyin barci har ta kusa sheƙawa, gari ya waye ba ta ma tuna ba. Wadda kuwa ta tsaya ta dubi Montag ta tambaye shi ko yana cikin farin ciki, tambayar da ta rushe masa duk rayuwar da ya saba, yarinya ce maƙwabciya, Clarisse, wadda ba ta wuce shekara 17 ba. Gari ɗaya suke da Mildred, na'urori iri ɗaya ke kewaye da su. Abin da ya bambanta yarinyar shi ne gidansu: can ana zama da dare ana hira, tana da kawu mai ba ta labarin yadda duniya take a da. Gaskiya ne ta ce sa'o'inta ba su da abin faɗa sai zancen motoci da tufafi, har kashe junansu suke yi. Amma duba yadda ta kwatanta makarantarsu: darasi ta talabijin, wasanni, ba a yin tambaya, amsa kawai ake ɗura musu. Ashe yaran ba daga sama suka faɗo a haka ba.

Shugaban masu ƙona littattafan ma, Beatty, ya faɗa wa Montag ƙarara cewa ba gwamnati ce ta fara ba. Mutane ne suka daina karatu da kansu. Aka riƙa taƙaita littattafai, aka rage shekarun makaranta, aka zubar da tarihi da falsafa da harsuna, aka riƙa cire duk abin da zai ɓata wa wani rai, sai daga baya doka ta zo ta tarar da aikin an kusa gamawa. Sannan tsohon malamin nan Faber ya faɗi maganar da yawancin masu ambaton littafin suke tsallakewa. Ya ce wa Montag ba takardar kanta yake buƙata ba, abin da ke cikinta yake buƙata, kuma da an so, da an zuba irin wannan abin a rediyo da talabijin. Abu uku ya ce sun ɓace: magana mai nauyi, sararin da mutum zai zauna ya narkar da ita, da ikon yin aiki da abin da ya fahimta. A cikin ukun nan babu wanda na'ura ke iya ƙwacewa ita kaɗai.

Feed, wanda M. T. Anderson ya fitar a 2002, ya fi kusa da abin da kike gani, tunda can intanet ɗin a cikin ƙwaƙwalwa aka dasa shi, talla tana zuba cikin kan yaro ko barci yake yi. Titus, jarumin labarin, da abokansa ba su da kalmomin da za su faɗi abin da ke ransu. To amma wa ke da makarantar da suke zuwa? Kamfanoni. Gwamnati ta sakar musu, su kuma suna koyar da yadda ake neman kaya masu rahusa da yadda ake ƙawata ɗakin kwana. Uban Titus kuwa in ya buɗe baki ba ki bambanta shi da ɗansa. Violet, yarinyar da ta yi ƙoƙarin rikita na'urar ta hanyar nuna sha'awar kayan da ba su da alaƙa da juna ba tare da ta saya ba, da tata na'urar ta lalace tana neman kashe ta, kamfani ya ƙi gyarawa. Dalilinsa: an kasa gane wace irin mai saye ce, don haka kashe kuɗi a kanta asara ne. Mai laifi a wannan labari yana da ofis da littafin lissafi.

Haka Aldous Huxley a Brave New World na 1932. Akwai wurin da ake ajiye jarirai gaban littattafai da furanni, da sun rarrafa sun taɓa sai a saki ƙara mai firgitarwa a ja su da lantarki, don su tashi suna ƙin karatu da son daji. Mahukunta ne suka zauna suka yanke haka, saboda mai son furen daji ba ya sayen komai. Tun 1909 ma E. M. Forster ya rubuta gajeren labari, The Machine Stops, inda uwa ce ke bauta wa na'ura, ɗanta ne ya yi tawaye ya haƙo hanya ya fito ya ga sama. Na daɗe ina mamakin yadda marubutan nan sau da yawa suke ɗora fatansu a kan matashi, mu kuma mu ɗauki littattafan nasu mu mayar da su bulalar dukan matasa.

Wani abu kuma, ƙagaggen labari ba hujja ba ne. Marubucin irin wannan adabi yana ɗaukar abu ɗaya da ya tsorata shi a zamaninsa, ya hura shi har ya cika duniya, don mai karatu ya firgita ya duba. Aikinsa ke nan, kuma aiki ne mai daraja. Amma duk waɗannan marubuta suna magana ne a kan ƙasashen da kusan kowane yaro ya iya karatu, littattafai sun cika gari, sannan aka juya musu baya. Ki riƙe wannan, domin a nan ne labarinsu da namu suka raba hanya.

Kukan cewa sabon abu ya lalata yara ya girmi kakanninmu. Sama da shekara 2,300 da suka wuce, masanin falsafar Girka Aflatun ya sa a bakin malaminsa Sukurat labarin wani sarkin Masar da aka kawo wa rubutu, ya ce wannan abu zai sa mutane mantuwa, su riƙa kama da masu ilimi alhali ba su da shi. Mu nan da idonmu mun ga zamanin gidajen kallon bidiyo, lokacin da aka ce fim ɗin Indiya ya gama da tarbiyya. A Kano a 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, an tara littattafan Hausa na soyayya an banka musu wuta a bainar jama'a, ana cewa su ke lalata 'yan mata. Yau da za ki ga ɗalibarki ta duƙufa a kan ɗaya daga cikin littattafan nan har ta kai ƙarshe, ai sai kin yi mata kyauta. Ba ina cewa tunda an sha yin kukan, na bana ma banza ne ba. Sarkin Masar ɗin nan yana da 'yar gaskiyarsa: duk wanda ya zauna da gardin da ya haddace Alƙur'ani a tsangaya, ya rubuta shi da ka, ya san akwai wani ƙarfin ƙwaƙwalwa da mu 'yan takarda muka rasa. Kowace sabuwar na'ura tana karɓar wani abu ta ba da wani. Abin tambaya shi ne me waya ta karɓa, kuma nawa ne.

Masu bincike ba su daidaita ba. A 2019 Amy Orben da Andrew Przybylski na jami'ar Oxford sun tattara bayanan matasa sama da 350,000 daga Amurka da Birtaniya, suka gano cewa amfani da na'urori bai bayyana fiye da kashi 0.4 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin yara wajen kwanciyar hankali ba. Har suka nuna cewa alaƙar kusan daidai take da ta yawan cin dankali, yayin da samun isasshen barci da cin zalin da yara ke yi wa junansu suka fi ta nauyi nesa ba kusa ba. A ɗaya gefen, Jonathan Haidt ya fitar da littafi a 2024 yana cewa wayar zamani ce ta jefa matasan Amurka cikin damuwa tun daga wajen 2012, kuma masana da dama sun mayar masa da martani cewa abu biyu su faru lokaci ɗaya ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗayan. Kin ga duk wannan muhawara a kan ƙuncin rai take, ba a kan zurfin tunani ba, kuma a kan yaran ƙasashe masu arziki aka yi ta.

Inda ni ba na yi wa waya uzuri shi ne yadda aka ƙera wasu manhajojin da ke cikinta. Masu cewa waya kamar kowane kayan aiki ce, ya danganta da mai riƙe da ita, sun faɗi rabin gaskiya. Tun shekarun 1950 masanin halayyar nan B. F. Skinner ya nuna da tattabaru cewa in ana ba da lada ba bisa ƙa'ida ba, wani lokaci a samu wani lokaci a rasa, dabba ba ta iya daina ƙoƙari. A kan wannan aka gina caca, a kansa kuma aka gina gajerun bidiyon nan: biyar na banza, na shida ya ba ka dariya, sai yatsa ya ci gaba da ja yana neman na gaba. Shafin da ba ya ƙarewa, wanda kana ja yana ƙaruwa, wani mai suna Aza Raskin ne ya ƙirƙiro shi a 2006, kuma daga baya ya fito ya nuna nadamarsa. Littafi yana da ƙarshen babi, shirin rediyo yana da lokacin tashi, wannan kuwa an cire masa wurin tsayawa da gangan. A 2021 Frances Haugen ta fitar da takardun cikin gida na Facebook da suka nuna binciken kamfanin da kansa ya gano Instagram yana ƙara wa wasu 'yan mata ƙin surar jikinsu. A wannan shekarar dai, kamfanin da ya mallaki TikTok ya ƙayyade wa yara 'yan ƙasa da shekara 14 minti 40 kacal a rana a Douyin, wato irin manhajar da ake amfani da ita a cikin Chaina. Su da suka ƙera abin sun san abin da suka ƙera. Idan yaro ɗan shekara 15 ya kasa ajiye waya ƙarfe biyu na dare, ba da ƙarfe da gilashi yake kokawa ba, da injiniyoyi ne waɗanda albashinsu ya dogara da kada ya ajiye. Sai ki ƙara da cacar ƙwallo, wadda da sai an je shago, yanzu kuwa tana cikin aljihu, haɗe da asusun kuɗin waya.

To amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Me waya ta tarar a gidajenmu da makarantunmu da ta shigo?

A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa a Afirka kudu da Sahara, kusan yara 9 cikin 10 'yan shekara 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi. Ɗan shekara 10 a Mora ko Gider ko Yagwa, yawanci ba shi da wayar kansa. Ba TikTok ne ya hana shi karatu ba, tun kafin wayar ta iso hannunsa an riga an yi asarar. Kin fi ni sanin yadda abin yake. Yaro ya tashi da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri ko Larabcin Shuwa ko Mafa ko Tupuri, ranar farko a lakol a tarbe shi da Faransanci, harshen da ba mai yi masa shi a gida. A nemi ya koyi haruffa da sabon harshe a lokaci guda, a ajin da wani lokaci benci ba ya isa, littafi ɗaya yara da yawa, malamin kuma sau tari iyaye ne ke harhaɗa masa ɗan abin da zai karɓa. A yankin Arewa Mai Nisa, tun daga 2014 rikicin Boko Haram ya rufe makarantu da dama a Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logone-et-Chari. Ambaliyar 2024 ta sake tsayar da karatu a wajen Yagwa. In ruwan madatsar Lagdo ya ja baya kuma, wuta ta riƙa ɗaukewa, mai son bita da dare sai da tocila. Yaron da ya bi ta wannan hanya, ya haddace abin da zai haddace ya tsallake CEP, jarrabawar gama firamare, ya lallaɓa ya wuce BEPC, ta gama ƙaramar sakandare, shi ne yake zaune a gabanki. Karatu a wurinsa azaba ne, kalma-kalma yake tsinta, kafin ya kai ƙarshen jimla farkonta ya gudu. Sai ga wata aba a tafin hannu wadda ba ta neman ya karanta komai: bidiyo, hoto, saƙon murya. Wa zai ga laifinsa in ya ruga can? A labarin Bradbury mutane sun iya karatu suka bari saboda allon kallo. A wurinmu da yawa sun tafi allon kallo ne saboda ba a taɓa koya musu karatu har ya zama abin jin daɗi ba. Mai neman magani dole ya san wanne ne ya riga wanne.

Game da ƙwace wayoyi, maƙwabtanmu sun gwada mana abin da ya fi haka. Daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019, wata 16 cur, gwamnatin Chadi ta toshe WhatsApp da Facebook da sauransu. Ina yawan zuwa Kusiri, garinmu na kan iyaka da Chadi, wajen dangi a lokacin, kuma abin da na gani shi ne masu hali sun koma VPN, manhajar tsallake toshewar, suna ƙara kashe kuɗi, wasu suna neman layin Kamaru daga bakin kogi, sauran kuma sun koma wajen masu tura fina-finai da waƙoƙi a memori. Samarin da na sani a ƙetaren gada, wanda ke karatu da ma yana karatunsa, wanda ba ya yi bai fara ba. Kuma kada a manta, ba don a gyara tarbiyyar yara aka toshe ba, dalilin tsaro aka bayar a lokacin da ake takaddamar sauya tsarin mulki. Duk mai kiran hukuma ta rufe intanet don ceton matasa, ya tuna cewa makullin da ya miƙa ba a hannunsa zai zauna ba. Wannan ɓangaren marubucin nan George Orwell ne ya yi gargaɗi a kai tun 1949. Ta ɗaya fuskar ma an gwada: ƙasar Peru ta raba wa 'yan firamare ɗaruruwan dubban ƙananan kwamfutoci, binciken da aka fitar a 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa na'urar, amma makinsu a lissafi da harshe bai motsa ba.

Kalmar nan ta cewa ba su da zurfi ma tana buƙatar a bi ta a hankali. A kasuwar Marwa akwai wani yaro mai gyaran waya, bai kai ga Probatoire, jarrabawar ajin kusa da na ƙarshe a lise, ba ya bar makaranta. Na zauna a bencinsa ina jiran ya duba tawa. Ya buɗe ta, ya kafa gilashin ƙara girma, ya ɗauko wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi ya jingina da gwangwanin madara, ya kunna bidiyon wani Ba'indiye yana gyara irin wannan matsala. Ba ya jin ko kalma ɗaya ta harshen mutumin. Hannunsa yake kallo. Ya tsayar, ya mayar baya, ya auna wani ɗan wuri da mita, ya girgiza kai, ya sake mayarwa, ya bi wani siririn layi a jikin faifan da bakin hantsaki har ya kai ga wani ɗan ƙarfe da bai kai ƙwayar gero ba. Masu moto suna ta hon, wani yana ta yi masa magana a kan caja, ko ɗaga kai bai yi ba. Wannan yaron in kika ba shi shafi biyu na Faransanci zai yi hamma, a rubuta masa a takarda cewa ba ya iya tattara hankali. Haka 'yan matan da ke sauraron littattafan Hausa da ake karantawa a YouTube, ko suke bin su babi-babi a WhatsApp. Tambayi ɗaya ta ba ki labari, za ta jero miki zuri'a uku, wa ya auri wa, wace kishiya ta ƙulla me, kuma ta yi miki gardama mai ma'ana a kan ko jarumar ta kyauta da ta koma gidan mijin. Ba ina cewa wannan ya wadatar ba. Bin doguwar hujja a rubuce, riƙe farkonta har a kai ƙarshenta, gane inda marubuci ya yi zamba, wannan wata ƙwarewa ce daban, ba a samunta sai da doguwar horaswa, kuma damuwarki a kanta tana kan hanya. Abin da nake nufi shi ne hankalin yana nan, ba a kashe shi ba. Yana zuwa ne inda ya ga riba ko daɗi.

Ribar kuwa ita ce babbar matsalarmu. Ɗalibinki yana da wa wanda ya gama jami'ar Ngaundere ko ta Marwa, yana da digiri a cikin akwati, yana tuƙa moto. Kullum yana ganinsa. Da wane baki za mu ce masa ya ajiye waya ya rungumi littafi don gobensa? A littafin Huxley akwai ƙwayar da ake raba wa jama'a, soma, wadda ke kawar da damuwa ba tare da ta kawar da dalilinta ba. Mu tamu ba ta buƙatar intanet ko caji, sunanta tramol, kuma ta riga wayar zamani zama ruwan dare a tashoshin moto. Zaman banza da rashin fata su suke neman abin da zai kashe lokaci, in ba a samu wannan ba a samu wancan.

Mu manya kuma sai mu dubi kanmu. Je majalisar dattawan unguwa bayan la'asar ki ƙirga kawunan da ke sunkuye. Saƙon muryar da ke cewa an zuba guba a kaza, ko wani ganye yana warkar da kowace cuta, ba 'yan lise ne suka fi yaɗa shi ba, iyayensu ne. Uwa tana aiki, yaro ɗan shekara 2 ya yi kuka, a miƙa masa waya. Hirar dare da tatsuniya, inda yaro ke koyon sauraron dogon zance da jiran ƙarshensa, talabijin da fina-finan faifai sun riga sun raunana su kafin Android ya zo.

Don haka ga abin da zan ce ki yi, a matsayin abokin aiki da ya riga ki shiga aji. A cikin aji kam babu waya, wannan ba na jayayya a kai. Faransa ta hana ta a firamare da ƙaramar sakandare tun 2018, Ostareliya kuma ta yi doka a ƙarshen 2024 da ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafukan sada zumunta. In kin samu zama da iyaye, kada ki ɓata lokaci a kan a ƙwace ko kada a ƙwace. Abu biyu za ki roƙa: waya ta kwana a ɗakin uwa ko uba, ba ƙarƙashin matashin yaro ba, kuma a duba ko akwai manhajar caca a ciki. Barci da caca su ne wuraren da ɓarnar ta fi tabbata.

Sannan ki gwada wani abu da ba ya cikin manhajar karatu. Kira su ɗaya bayan ɗaya, ba a gaban 'yan aji ba don kada su ji kunya, ki ba kowa ɗan sakin layi mai sauƙi ya karanta da ƙarfi, ki tambaye shi abin da ya fahimta, ki yarda ya amsa da Hausa ko Fulatanci. Za ki rabe su gida biyu: waɗanda suka iya karatu amma waya ta janye su, da waɗanda ba su taɓa iyawa sosai ba suna ɓoyewa a bayan hadda. Na farkon suna buƙatar a tsare musu lokaci a ba su littafi mai jan rai. Na biyun, ko a teku kika jefa wayarsu ba abin da zai canja, sai an koma an gyara tushe. Ki riƙa karanta musu da bakinki, minti goma a farkon darasi, labari mai ci gaba, ki tsaya a inda ya fi daɗi. Kuma tunda Feed yana hannunki, ki fassara musu babin makarantar nan ta kamfanoni, ki bar su su yi gardama da harshen da suka ga dama kafin su rubuta da Ingilishi. Kada ki tambaye su ko sun yi kama da Titus, za su ji zagi ne su rufe baki. Tambaye su wa ke samun kuɗi in sun kwana suna kallo, nawa suka kashe a kiredi a wannan mako, kuma aljihun wa kuɗin ya shiga. A irin wannan lissafi yaran kasuwa ne, sun fi mu sauri.